Abin da ba ya shiga takarda

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce me ya sa za a yi ta aika dattawa biko alhali matar yayanka ta riga ta faɗi abin da ya fitar da ita, wato kuɗin cefane da zancen haya. Ka ce a zaunar da su, kowa ya rubuta ƙorafinsa, a yanke a wuce wurin. Na san da zuciya ɗaya ka faɗa. Aikinka ne ya saba maka da haka: inji ya tsaya, ka kwance, ka ga abin da ya lalace, ka sauya.

To mace in ta yi yaji, abin da ta faɗa a gaban mutane ba lallai shi ne ya fitar da ita ba. Ni ma na taɓa yi, a 1984, shekarar da gwamnatin Buhari ta canza kuɗi. Da kakanka ya tambaye ni, cewa na yi cefane ne, kuma ba ƙarya na yi ba. Amma abin da ya hana ni barci wata kalma ce da maigidan ya yaɓa mini a tsakar gida, surukata na zaune kan tabarma tana tsinkar zogale, ko kai ba ta ɗaga ba. Da an miƙo mini takarda a ranar, wallahi kunya ba za ta bar ni in rubuta ba. Da an ƙara kuɗin cefane an ce an gama, da na koma da ciwona.

Sau uku aka zo biko. Zuwan farko Baba ya karɓi goro ya ce yarinya na hutawa. Na biyu hirar damina kawai suka sha. Da kana wurin, ɓata lokaci za ka kira shi. A kwanakin nan ne maigidan ya ɗanɗana gida babu ni, ni kuma na huce har na iya faɗa wa Inna gaskiya da daddare. Ita ta kai wa Baba, shi kuma ya faɗa wa wan maigidan a zaure, su biyu. Zuwa na uku maigidan da ƙafarsa ya zo ya durƙusa. Har ya bar duniya, Allah ya jiƙansa, bai sake furta kalmar ba.

Ka duba Suratun Nisa'i, aya ta 35: mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta, mutanen da suka san cikin gidan ke nan. Ko saki na kome ne, a ɗakinta mace ke yin idda, ko zukata sa sauko.

Kar ka ɗauka komai nake cewa a jira. In duka ne ko horon yunwa, a take ake tsawatarwa, har gaban alƙali in ta kama. Na ga matan da aka cuta da "ki yi haƙuri", abin yana ci mini rai har gobe.

Zancen haya kam ka sa hannu, za ka iya. Sauran ka bar wa baffanka. Ranar Juma'a zai koma. In kana so ka bi shi, ka riƙe masa goro, ka zauna daga baya ka kasa kunne.

Ka gaishe mini da iyali.

Gwaggonka