Ciwon sanyi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa: me nake yi ba daidai ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce, 'ya'yana biyu. Kusan shekara guda ke nan ina fama da sanyi: farin ruwa, ƙaiƙayi, wani lokaci har da ƙarni. Na sha Ampiclox, na sha Cipro, an yi mini allurai a kemis. Kullum ina tsarki da ruwan ɗumi da Dettol har ciki, ina kuma kama ruwa da bagaruwa. Sai ya lafa, ya dawo. An ce a banɗaki na ɗauko, an ce zai hana ni haihuwa. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, amma ki ajiye Dettol ɗin nan yau, ba gobe ba.

Gaban mace ba wuri ne da ake so ya zama babu ƙwayar halitta ko ɗaya ba. Lafiyayyen gaba cike yake da bakteriya masu suna Lactobacillus, dangin waɗanda ke tsamar da nono. Su ke samar da tsamin da ke riƙe ma'aunin tsami da ake kira pH tsakanin 3.8 da 4.5, kuma wannan tsamin ne ke hana miyagun ƙwayoyi sakewa. Duk ranar da kika zura ruwan Dettol ko sabulu ko bagaruwa ciki, masu gadin kike kora. Duk kwalin Ampiclox da kika shanye, har da su yake kashewa, ya bar Candida, wata ƙwayar cuta dangin yis wadda ba bakteriya ba ce, maganin bai ma san da zamanta ba. Sai ta samu fili, ƙaiƙayi ya ƙaru, ki koma kemis, a ƙara miki wani. Haka ake ta zagaye.

Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Kullum sai na ga mace ta shigo da leda cike da kwalaye da takardar gwaji an rubuta "Staph aureus", an tsorata ta. Staph bakteriya ne da ke zaune a fatar mutane da yawa lafiya lau, ganinsa a gwajin da aka ɗauka sakaka ba hujjar allurar kwana bakwai ba ce. Ga masu tallar "haɗin infection" a TikTok da WhatsApp, ga masu lasifika a bakin kasuwa, kowa da jarkarsa, kwalba ɗaya wai tana maganin sanyi da basir da rashin haihuwa. A tambaye su me ke ciki, sai su ce sirri ne. Maganar banɗaki kuwa, ba ta nan ake ɗaukar waɗannan cututtuka ba. Sau da yawa suna ne da ake fakewa da shi don kada a tambayi maigida.

Abin da kike kira sanyi ba ciwo ɗaya ba ne. Fari mai kauri, gudaji-gudaji, da ƙaiƙayi, yawanci Candida ce, maganinta clotrimazole ko fluconazole, shi na biyun ba a ba mai ciki. Ruwa tsararo mai ƙarnin kifi, musamman bayan saduwa, alamar masu gadin sun ragu ne, Gardnerella da ire-irenta sun mamaye, a nan Flagyl na kwana 7 ake bayarwa. Wannan yakan dawo wa fiye da rabin mata cikin shekara, kuma wani bincike a Ostireliya a 2025 ya nuna in aka yi wa miji magani tare, dawowar tana raguwa sosai.

Wanda ke toshe hanyar haihuwa shi ne irin su chlamydia da gonoriya, cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, idan suka hau sama zuwa mahaifa, kuma wanke ciki yana ƙara haɗarin hawansu. Ki je asibiti likitan mata ya duba ki, a gwada waɗannan, a auna sukarin jininki. Ki tafi da maigidan, in da abokiyar zama ita ma a duba ta. Tsarki kuma ruwa zalla, daga waje kawai. In kika ji ciwon mara da zazzaɓi, kada ki jira ranar awo.