Amsar Malam kan injin ban-ruwan Kawu

Ga muryar da Malam ya turo guruf jiya da dare, na rubuta ta saboda waɗanda datarsu ba ta buɗe murya.

Assalamu alaikum jama'a. Kawu, barka da dare, ya aikin lambu? Na saurari muryarka. Ka ce ruwan rijiyar lambu ya ja baya, inji ya daina kawo ruwa, ka aro babba daga Haɗeja shi ma gurnani kawai yake, yanzu kana shawarar a zura injin cikin rijiyar da igiya, yaro ya sauka ya tayar da shi. Kawu don girman Allah a dakata, bari in yi bayani.

Injinka lafiyarsa ƙalau. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, inji ba ya jawo ruwa. Abin da yake yi kawai, ya rage iskar da ke cikin tiyo, sai iskar waje ta danna fuskar ruwan rijiya, ruwan ya gudu ya hau tiyon. Iskar nan da muke yawo a cikinta tana da nauyi. Duk wuri mai faɗin farcen babban yatsanka, iska tana danna shi da nauyin kusan kilo 1. Ba ma ji ne saboda a ciki aka haife mu. To wannan dannawar iyakarta ta ɗaga ruwa mita 10 da 'yan kai, ko da an kwashe iskar tiyon tas. Shi kuwa injin kasuwa, da ɗan yoyon mahaɗa da zafin rana, in ya yi mita 7 ko 8 ya yi ƙoƙari. A lissafinmu na gida wajen gaba huɗu ke nan. Daga nan ko injin jirgi ka kawo, sai dai ya sha maka mai a banza.

Ba yau aka fara wannan rigimar ba. A Italiya, wani almajirin masanin kimiyya Galileyo mai suna Toricelli shi ya warware ta a 1643. Ya cika bututun gilas da zaiba, ya kife shi a cikin kwanon zaiba, sai ta sauko ta tsaya a wajen santimita 76. Zaiba ta ninka ruwa nauyi sau 13 da rabi da ɗoriya. Ku buga a waya, 76 sau 13.6, za ku ga santimita dubu da 'yan kai, wato mita goman nan ce ta dawo.

Yanzu maganar zura inji, nan ne hankalina ya tashi. Gaskiya ne in inji ya matso kusa da ruwa zai kawo. Amma hayaƙin fa, ina zai je? Injin fetur yana fitar da wata iska, kabon monoksaid, ba launi ba wari, tana shiga jini ta kwace gurbin oksijin. A fili iska na kwashe ta. A rami mai faɗin tabarma kuwa, 'yan mintuna sun isa. Yaro zai ji kansa na sarawa, ƙafafu su mutu, ko igiyar ba zai iya riƙewa ba.

Ko ba inji ma, tsohuwar rijiya tana tara tata. Kun ga yadda man gyaɗa ke hawa kan ruwa, ruwan ya kwanta a ƙasa? Haka iska da iska suke yi in ba abin da ya motsa su. Kabon dayoksaid, irin wadda ke tsiyaya in ka buɗe lemon kwalba, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi kamar sau ɗaya da rabi. Ganyen da ya ruɓe a ƙasan rijiya yana fitar da ita, ƙasar kanta tana fitarwa, sai ta kwanta a can ta ture mai kyau sama. A Kamaru, tafkin Niyos ya yi aman irin wannan iskar a watan Agustan 1986, ta gangara cikin kwari kamar ruwa, ta hallaka mutum sama da 1,700 da dabbobi dubbai, da yawa suna cikin barci.

Ina yaro na ga wani tsohon mahaƙin rijiya a garinmu, Allah ya jiƙansa, bai taɓa zama a aji ba amma ya fi wasu ɗalibaina gane wannan. Kafin ya sauka sai ya ɗaura aci-balbal a igiya ya zura a hankali, mu yara mun leƙa. Wutar tana ci, tana ci, can sai ta yi ja, ta ƙanƙance, ta mutu ba tare da ta taɓa ruwa ba. Ya ce yau rijiya ba ta karɓar baƙo. Ya sa aka saro reshen darbejiya mai ganye, aka yi ta sama da ƙasa da shi har hantsi, sannan ya sake gwadawa. Mu a lokacin cewa muke aljanu ne suka hure ta. Sai dai ku lura, fitila ba ta tona asirin hayaƙin inji. Tana iya ci ram alhali gubar na nan.

Kuma in wani ya faɗi a ciki, Allah ya kiyaye, kar ɗan'uwansa ya diro bin sa, abin da ya kayar da na farko yana nan yana jira.

Mafita Kawu, famfon da ake nutsarwa cikin ruwa, wanda ake ce wa sumo. Shi turo ruwa yake daga ƙasa, dokar mita goma ba ta hau kansa ba, janareto ko sola kuma yana sama a fili. In kuma ratar kaɗan ce, a yanka wa injin mazauni a gefen rijiya, mai faɗi, buɗaɗɗe, da bai wuce ƙugu ba. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan shigo gida da tef, mu auna daga bakin inji zuwa fuskar ruwa. Kafin nan kar kowa ya sauka. A gaida su Inna.