Kana son zama farfesan shari'ar muhalli? Ajinka yana Anka

Wani ɗan Anka ta jihar Zamfara da ke Ingila ya rubuto min. Yana gab da kammala digirin digirgir a fannin dokokin muhalli da ma'adinai, burinsa kujerar farfesa, mahaifiyarsa kuma kullum maganarta ɗaya: ya dawo gida. Ya zauna ko ya tattaro?

Ɗana, fara da takardu. In a can ka yi digirin lauya na farko, ba ka da bakin magana gaban alƙali a Najeriya sai ka bi ta Makarantar Horar da Lauyoyi, kuma 'yan karatun waje sai sun yi zangon share fage a Bwari da ke Abuja tukuna. Ga takardar bautar ƙasa ko ta yafewa, wadda jami'ar gwamnati za ta nema. Bizar bayan karatu tana ba mai digirinka shekara 3 a Ingila. Kada ka cinye su a aikin sito. Koyar, ko na wucin gadi ne, ka fitar da maƙaloli, domin da su ake hawa kujerar nan.

Amma fanninka, ai a ƙofar gidanku yake kwance. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Bagega da Dareta. Dutsen zinariya mai ɗauke da dalma ake kawowa tsakar gida a farfasa, a niƙa, jarirai na rarrafe cikin ƙurar suna kai hannu baki. Kuma ba rashin doka ba ne, dokar ma'adinai ta 2007 tana nan a lokacin. Inda gizo ke saƙa shi ne, dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, tsarin mulki kuwa ya ba Gwamnatin Tarayya abin da ke binne a cikinta. Manomi yana kan gonar gado, sai ga baƙo da lasisi daga Abuja. Wa zai biya diyya, wa zai kwashe gubar? An hana haƙa a Zamfara a 2019, an ɗage a Disambar 2024, tambayar tana nan.

Ni dai dawowa nake ba ka shawara, amma ba da gaggawa ba. Tun yanzu ka nemi malaman shari'a na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ku yi rubutu tare, su san sunanka kafin su ga fuskarka. In ka zo hutu, kada ka kama hanyar ƙauye sai ka tambayi mutanen gari halin da take ciki.

Hajiya kuma ka daina ce mata "na kusa". Faɗa mata shekarar.