Dalilin da ya sa aka dawo maka da facinka

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gano kurakurai uku a wani direban wayales na Linux, wato kod ɗin da ke sa tsarin kwamfuta na Linux ya yi aiki da katin wayales, ka gyara su, ka kuma daidaita tazarar layukan da ta yi maka muni a fayil ɗin, sannan ka dunƙule duka cikin faci guda, wato fayil mai ɗauke da canjin da kake so a yi wa kod, mai layi kusan 400 ka tura wa masu kula da direban. Amsar da ta dawo layi biyu ce kacal: ka rarraba shi, kowane gyara da facinsa, ka sake turowa. Kana tambaya ko raina ka aka yi don kai sabo ne, ko kuwa ka haƙura da su.

Kada ka haƙura. Wanda ya amsa maka ya duba aikinka, ya ga akwai abin ɗauka a ciki, shi ya sa ya faɗa maka hanyar da zai iya karɓa.

Ka tsaya a matsayinsa ka duba. Ranar da facinka ya shiga, kai ka gama, shi kuwa a ranar aikinsa ya fara, domin shi za a riƙa nema duk lokacin da wannan direba ya ba da matsala, ko da bayan shekara biyar ne. Kowane sabon fitowar Linux yana ɗauke da canje-canje sama da 10,000. A ce wani ya sabunta kwamfutarsa, wayales ya ɗauke. Abin da zai yi shi ne ya kira git bisect, wani umarni na git, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen kod, wanda ke raba tarihin gida biyu, a gina a gwada, a sake raba rabin da matsalar take ciki, a haka har a tsaya kan canji ɗaya tak. Gwaji 14 ko makamancin haka ya isa. To idan aka tsaya kan facinka mai abubuwa huɗu a ciki, wanne ne ya jawo? Kuma idan aka ce a janye shi da gaggawa, gyaran nan biyu masu kyau za su tafi tare da mai laifin. Makanikin da ya canza fulogi da kafireta da wayoyin wuta a zama ɗaya, mota ta mutu a hanya, shi kansa ba zai iya nuna maka inda ta fito ba. Saboda wannan binciken ne kuma ake so kowane faci a jerin ya ginu ya yi aiki shi kaɗai, ba sai na bayansa ya zo ba.

Akwai wani dalilin da ya shafe ka kai tsaye. Gyaran kuskure na gaske ana ɗaukar sa a mayar cikin tsofaffin rassa, wato fitowar Linux na baya da ake ci gaba da kula da su, waɗanda Greg Kroah-Hartman ke jagoranta, kuma a kansu wayoyi da sabobi da yawa suke gudana. Ƙa'idar waɗannan rassan ita ce facin ya zama a fili daidai yake, an gwada shi, kuma bai wuce layi 100 ba. Naka mai 400 ba zai shiga ba, alhali kowane ɗaya daga cikin gyaran uku zai iya shiga da an raba su. Ka nemo canjin da ya fara kawo kuskuren, ka sa layin Fixes: da haruffa 12 na farkon lambarsa da takensa, don a san har zuwa wane reshe za a kai gyaran.

Bayanin da ke saman faci kuwa, a nan nake so ka fi ɓata lokaci. Abin da ka canza kowa zai gani a jikin facin. Abin da ba za a gani ba shi ne dalili: wace matsala ce, a wane hali take faruwa, me mai amfani yake gani idan ta faru, a kan wane kati ka gwada. Idan direban yana karɓar ma'ajiya, wato memorin kwamfuta, bai sake ta ba duk lokacin da haɗi ya gaza, ka faɗi haka, ka nuna ta wace hanya a cikin kod ɗin ake fita ba a saki ba. Idan wani gyaran ginawa kawai ka yi ba ka gwada shi a na'ura ba, ka faɗa, wannan gaskiyar tana ƙara maka daraja a wurinsu. Taken kuma kada ka ƙirƙiro salonka. Ka buga git log --oneline a kan fayil ɗin, ka ga yadda na gabanka suka rubuta: sunan sashe, sunan direba, sai abin da facin ya yi cikin sigar umarni. Turancinka ba sai ya yi ado ba, ya dai fito sarai.

A ƙasan bayanin akwai layin Signed-off-by, wanda git commit -s ke sa maka. Yara da yawa suna ɗaukar sa kamar ado ne. An shigo da shi a 2004, bayan kamfanin SCO ya kai IBM kotu a 2003 yana da'awar an zuba kayansa cikin Linux. Da wannan layin kana shaida cewa kai ka rubuta, ko kana da haƙƙin miƙa shi ƙarƙashin lasisin aikin, wato GPL na biyu. Don haka kod ɗin da ka gani a wurin aikinka ko ka kwafo daga inda ba ka san lasisinsa ba, kada ya kusanci facinka.

Sauran aikin hannu ne. Ka fitar da jerin da git format-patch, ka bi kowanne da scripts/checkpatch.pl mai duba salon rubutun faci, ka bar scripts/get_maintainer.pl ya faɗa maka waɗanda za ka tura wa. Ka tura da git send-email, domin akwatin imel na burawza yana lanƙwasa layuka yana lalata tazara, faci ya ƙi hawa. Ka fara tura wa kanka, ka ɗora shi da git am a kan reshe mai tsabta. Tunda karo na biyu ne, take ya ɗauki v2, abin da ya bambanta shi da na farko kuma ka rubuta a ƙarƙashin layin nan mai gajerun zane uku (---) da ke ƙarshen bayanin, don kada ya shiga tarihi.

Bayan ka tura za ka ji shiru, kuma shirun yana da ciwo, na sani. Linux na fita duk mako 9 ko 10, kuma makonni biyu na farko bayan fitowa lokacin haɗa sababbin kaya ne, masu kula ba su cika waiwayar sabon faci a lokacin ba. Kada ka tuna musu kafin mako guda ya cika. Idan gyara ya zo, ka amsa kowace magana a ƙarƙashinta, wadda ka yarda da ita ka gyara, wadda ba ka yarda ba ka kawo hujja cikin ladabi.

Idan kana ganin tsaurin ya yi yawa, ka tuna abin da ya faru da xz, manhajar matse fayiloli da ake amfani da ita a Linux, a watan Maris na 2024. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya yi kusan shekara biyu yana turo gyara har aka ba shi ikon kula da aikin, sannan ya dasa ƙofar ɓoye, wato hanyar kutse ta sirri, a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. Andres Freund ne ya gano, daga lura da cewa shiga ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ta yi nauyi fiye da yadda ya saba. Mai kula bai san fuskarka ba, facinka kaɗai yake gani, kuma ƙaramin faci ne yake iya tantancewa da idonsa.

Yanzu ka koma ka raba shi huɗu. Gyaran kurakuran uku su zo a gaba, mafi haɗari ya zama na farko. Na tazarar layuka ka cire shi daga jerin gaba ɗaya, ka tura shi daban bayan waɗannan sun shiga. Kafin ka tura musu, ka turo min ukun in karanta bayanansu.