Takardar kan EPROM ta ɓare, shin bayanan sun goge?

Ɗan'uwa, ka ce ka buɗe tsohuwar kwamfuta ka tarar takardar da ke rufe 'yar tagar EPROM ɗin, wato guntun ƙwaƙwalwar da ke riƙe bayanai ko an kashe wuta, ta ɓare, kana tsoron ko hasken ɗaki ya shafe abin da ke ciki. Kwantar da hankalinka, da wuya, tunda dai akwatin a rufe yake.

Tun 1971 da Dov Frohman ya fito da EPROM a kamfanin Intel, yadda yake riƙe bayanai bai sauya ba: cajin lantarki ne ake kullewa a wata 'yar ƙofa da ba ta haɗe da komai. Hasken ultrabayolet ne ke ba cajin nan ƙarfin tserewa. Fitilar gogewa tana fitar da shi a nanomita 253.7, cikin minti 15 zuwa 20 ta gama. Tagar ma ba gilashi ba ce, kwatz ne, wani ma'adini garau da hasken ke ratsawa, domin gilashi tare wannan hasken yake yi. Takardun Intel sun ƙiyasta cewa rana kai tsaye sai ta yi kamar mako guda, doguwar fitilar ɗaki kuwa wajen shekara 3.

Abin da ya fi ba ni wahala a gyaran tsofaffin allunan nan shi ne rabin gogewa. Cajin ya ragu amma bai ƙare ba, sai ka ga na'ura ta tashi lafiya da safe, tana ɗaukar zafi ta rikice. Mutum ya yi ta sauya kafasito a banza. Haka kuma kada ka ɗauki hoton allon da filasha yana kunne tagar a buɗe. Ba zai goge ba, amma silikon da aka yi EPROM ɗin da shi na jin haske, karatun na iya kaucewa nan take. Ai saboda haka ne ma a 1975 kamfanin Cromemco suka yi kyamarar Cyclops da ƙwaƙwalwar da aka buɗe wa murfi.

Don haka rufe tagar da baƙin tef, farar takarda haske na ratsa ta. Sannan nemi na'urar karanta EPROM ka kwafe abin da ke ciki, ka maimaita karatun ka gwada ko sun zo ɗaya. Idan FF, alamar gurbin da babu komai, kaɗai ka gani daga farko har ƙarshe, ya goge. Kada ka jinkirta kwafin, domin ko a cikin duhu cajin na tsiyayewa a hankali, kuma tsofaffin EPROM ɗin nan sun daɗe da wuce shekarun da aka ɗibar musu.