Wayar sandar ƙasa: kaurin nawa ya isa, kuma yaya ake ɗaure ta?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina dab da gama gini, mai wayarin ya ce in sayo wayar da za ta taso daga babban akwatin wuta zuwa sandar da aka kafa a ƙasa. Abokina ya ce in sayi mai kauri daidai da wayar da ke shigo da wuta gidan, wai kauri shi ne tsaro. In bi maganarsa?

Amsa: Abokinka alheri yake nufi, amma zai sa ka kashe kuɗi inda ba su da amfani. Wannan waya ba ita ke ɗaukar wutar gida kullum ba. Aikinta ta haɗa wayarin da ƙasa, don idan tsawa ta faɗi ko wuta ta yi tashin bazata ta sami hanyar wucewa. Abin da ke taƙaita wutar da za ta bi ta cikinta kuwa, ƙasar da ke kewaye da sandar ce. Idan juriyar sandar, wato yadda ƙasar ke tare wucewar wuta, om 25 ce, wutar kuma bolt 230, amfiya 9 da ɗan ɗoriya kawai za ta wuce, ko da wayar ta kai kaurin hannu.

Shi ya sa dokar wayarin ta Amurka, NEC, a sashe na 250.66, ta ce idan sanda kaɗai wayar za ta je, ba dole ba ne ta wuce jan ƙarfe lamba 6 a ma'aunin kaurin waya na AWG, wato wajen murabba'in milimita 13. A wannan ma'auni, ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri, 3/0 kuwa ta fi su duka kauri nesa ba kusa ba. Idan rodin da ke cikin kankaren harsashin gini za ta kama, lamba 4 ta isa. Amma idan bututun ruwa na ƙarfe da ke binne za ta je, a nan sai an duba girman wayar shigowa, domin buƙatar tana tashi daga lamba 8 har zuwa 3/0 a manyan gine-gine. Dokar Birtaniya, BS 7671, ta fi duba tsatsa: wayar jan ƙarfe da aka binne da rigarta ba tare da bututu ba, murabba'in milimita 16, tsirararta kuwa 25. Ka tambayi mai aikinka wace doka ake bi a inda kake, kafin ka sa hannu a aljihu.

Ni da zan zaɓa maka, rarar kuɗin a sanda ta biyu zan sa. NEC na neman ta sai idan awo ya nuna ta farkon ba ta wuce om 25 ba, a kuma bar aƙalla mita 1.8 tsakaninsu. Kada kuma a bari a guntule sanda don ta ci karo da dutse, mita 2.44 ake so a cikin ƙasa.

Tambaya: Wayar da muka saya ta gaza da taku biyu. Yaron mai aikin ya ce zai murɗa wata a kai ya zuba dalma. Akwai kuma ta alminiyon mai sauƙi. Wanne ya fi?

Amsa: Don Allah ka dakatar da shi. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a aikin nan, domin waya ba ta cika lalacewa a tsakiya ba, a gaɓa take mutuwa. Na taɓa tona gindin wata sanda na tarar da wayar an naɗa ta kawai, ta yi kore shar, da na ja da yatsu biyu sai ga ta a hannuna. Masu gidan kuwa shekaru suna kwana da tunanin suna da kariya.

Ana so wayar ta tafi ɗaya tal, babu gaɓa. Idan haɗi ya zama dole, sai da maɗaurin da ake matsewa da inji wanda ba ya kwancewa, ko waldar hoda mai narkar da ƙarfen biyu su zama ɗaya. Dalma kaɗai an hana dogaro da ita, don zafin wuta mai ƙarfi na iya narkar da ita. A wajen sandar, ka nemi maɗaurin da aka rubuta a jikinsa cewa ya dace da binnewa, a kankare ƙarfen ya yi fes kafin a ɗaure noti.

Alminiyon kuma ba ya shiri da damshi, sai ka ga ya zama farin gari. NEC ta hana a ɗaure shi a waje ƙasa da santimita 45 daga ƙasa, alhali kan sandarka a ƙasan yake. Ka sayi sabuwar waya ta jan ƙarfe, a auna tsawon da igiya tukuna, a ƙara ɗan rara. Idan za a zura ta a bututu, na roba ya fi sauƙi, domin na baƙin ƙarfe sai an haɗa bakinsa biyu da wayar, in ba haka ba yana shaƙe wutar tsawa.