Siffar Furen Tumatir Ce Ke Nuna Ko Iri Zai Gauraya

Tambaya: Nau'in tumatir uku nake shukawa a fili ɗaya, kuma ina son in ajiye iri. Za su barbari juna?

Amsa: Fara da duba furen. Kowane furen tumatir yana ɗauke da namiji da mace. Sassan namijin, masu launin rawaya, sun manne da juna kamar ƙaramin mazurari, tsinken macen yana tsakiya. Garin furen ta ciki yake zuba, ya sauka a kan macen. Shi ya sa yawancin tumatir kansa yake barbara, gaurayar ba ta cika kai kashi 5 cikin 100 ba.

Ka ɗauki furen da ya buɗe, ka kalli bakin mazurarin. In ba ka ga komai ba, macen a ɓoye take. In kuwa wani koren ɗigo ya leƙo waje, ƙwaro zai iya kawo masa garin wani nau'in. An fi ganin haka a tumatirin daji mai ƙananan 'ya'ya, da nau'in da ganyensa ke kama da na dankalin Turawa, da manyan furanni masu faɗi waɗanda furanni biyu ko uku suka haɗe. Irin wannan fure yakan zo a farkon reshen manyan tumatir. Kada ka ɗebi iri daga ɗansa.

Zafi ma yana sauya lissafi. In ya zarce digiri 32 a ma'aunin Celsius, tsinken macen kan yi tsawo ya fito, ko a nau'in da ya saba ɓoye shi. A nan ne kuma furanni ke zubewa, domin garin ya daina isa ga macen.

Ƙudan zuma na gida bai damu da furen tumatir ba, tunda babu ruwan zaƙi a ciki. Masu kai garin su ne ƙudajen zuma na daji, musamman manyan nan masu ƙugi, da ke kama furen su girgiza shi.

Nau'in da macensa ke ɓoye, tazarar mita 3 zuwa 6 ta wadatar. Wanda ta leƙo, ka ba shi mita 15 ko fiye. Abin da na fi amincewa da shi shi ne rufewa: ka ɗaure jakar yadin gidan sauro a kan reshen furen tun bai buɗe ba, ka riƙa kaɗa shi kowace hantsi, in 'ya'ya sun kama ka cire jakar, ka ɗaura zare a matsayin alama.

Tambaya: Zan gane gauraya a jikin tumatirin bana?

Amsa: A'a. Ɗan zai fito yadda ya saba, gaurayar tana cikin ƙwayar, sai ka shuka ta baɗi za ka gani. Amma in iri mai aure ka saya, wanda aka rubuta F1 a jikin fakitinsa, in ka shuka irin da ka ɗeba daga 'ya'yansa, tumatirin zai fito iri-iri ko ƙwaro bai taɓa furen ba.